Hijabi da Bel ɗin Injin Markaɗe



Kwanakin baya wata ɗalibata ta zo makaranta wuyanta duk a ɗaye. Ashe markaɗen wake aka aike ta a nan unguwarmu Kurmin Mashi, ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, sai bel ɗin injin ya fizgi bakin hijabinta. Allah ya taimaka mai injin ya yi wuf ya kashe. Da na je dubiya kowa cewa yake tsautsayi ne. Na yarda, amma da na bi ta wajen, bel ɗin na nan yana juyawa ba murfi.

Tun 1987 dokar masana'antu ta Nijeriya ta wajabta a killace irin wannan bel. Mu da ke sana'a a zaure ba mai zuwa duba mu, sai mu duba kanmu. In kina da inji, ki sa mai walda ya yi masa murfin ƙarfe, kuma kada a wanke shi sai an kashe.

In kuwa aike za ki yi, ki ce wa yarinya ta tattare hijabinta, ta miƙa bokiti, ta ja baya har sai injin ya tsaya.