Digirin MBA na Ƙarshen Mako Ba Na Jabu Ba Ne

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin 'yan boko da yawa: wai digirin gudanar da kasuwanci (MBA) na ƙwarai shi ne wanda mutum zai ajiye aiki ya koma aji shekara biyu cur, shi kuwa EMBA, wanda manyan ma'aikata ke yi a ƙarshen mako suna riƙe da kujerunsu, takarda ce da masu hannu da shuni ke saye don ƙawata bangon ofis. A ganina wannan hukunci bai yi adalci ba, kuma yana hana mutanen da suka fi kowa cancantar wannan karatu neman sa da natsuwa.

Jami'ar Harvard ce ta fara MBA a 1908, Jami'ar Chicago kuma ta buɗe tsarin manyan ma'aikata a 1943, saboda haka ba wani sabon salon neman kuɗi ba ne. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: wa ake iya koya wa shugabancin kamfani? Farfesa Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya amsa ta a littafinsa na 2004, Managers Not MBAs, inda ya nuna cewa ba a ƙera manaja a cikin aji daga wanda bai taɓa shugabantar kowa ba. Ina tare da shi. Ginshiƙin karatun nan shi ne a ɗauko matsalar da wani kamfani ya taɓa shiga, a ce wa ɗalibai su yanke shawara. Saurayi ɗan shekara 27 zai yanke ta cikin sauƙi, domin bai taɓa sallamar magidanci daga aiki ba, bai taɓa kwana yana lissafin albashin ma'aikata alhali kuɗin dizal ya cinye riba ba. Ɗalibin EMBA kuwa, wanda galibi ya doshi arba'in, abin da ya ji ranar Asabar zai gwada shi ranar Litinin, ya dawo ya faɗa wa malami inda ka'idar ta gaza. Gani ya kori ji.

Za a ce ai Harvard da Stanford ba sa ba da EMBA. Haka ne, amma makarantar Wharton ta Jami'ar Pennsylvania tana yin sa tun 1975, kuma digiri iri ɗaya take bai wa ɓangarorin biyu. Za a kuma ce mai cikakken lokaci yana samun aikin gwaji a lokacin hutu, kamfanoni irin su McKinsey da Goldman Sachs suna zuwa har makaranta su ɗauke shi. Wannan fa'ida ce babba ga matashin da ke son sauya sana'a, ba na musunta ta. Sai dai ƙofar samun aiki ce, ba ta nuna cewa ya fi zurfin ilimi ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na gida Najeriya: wasu jami'o'i sun mai da shirin hanyar tara kuɗin shiga, ana karɓar duk wanda ya iya biya, oga ya tura yaronsa ya yi masa aikin gida. Abin takaici ne, amma laifin na tantancewa ne da jarrabawa, kuma ajin cikakken lokaci bai tsira daga irinsa ba. Manajan masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ba zai iya barin injuna da ma'aikata shekara biyu ba, kuma shi ne wanda ilimin zai fi amfana nan take. Don haka duk makarantar da ya nufa, ko Lagos Business School ce ko makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, abin da zai bincika shi ne su wa ake ɗauka, su wa ke koyarwa, kuma ko ana kayar da wanda bai yi karatu ba komai girman muƙaminsa.