Sabuwar kwamfuta, faifai na ciwo: ina laifin yake?

Abin yana faruwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram kamar yadda yake faruwa a burorin Yamai. Ɗan kasuwa ya sayo kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ya ba wani matashi mai gyara ya harhaɗa masa, ya zuba lissafin kaya da sunayen masu bashi a ciki. Kwana uku ba su cika ba sai na'ura ta soma tsayawa, wata takardar ta ƙi buɗuwa, allo ya yi shuɗi. Nan take sai a ɗora laifi a kan faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira diski dur, a kama hanyar shagon mai sayarwa da faɗa. Sau da yawa kuwa faifan lafiyarsa lau.

Kafin a taɓa komi, a kwafe duk abin da ke da amfani zuwa wani faifai na waje. Faifai ana sayen wani, amma lissafin shekara guda in ya ɓace ba kasuwar da ake samunsa.

Daga nan sai a tada na'ura a shiga BIOS a duba ko ta ga faifan. In ba ta gan shi ba, a kashe, a zare wuta, a buɗe akwati. Wayoyi biyu ke shiga faifan: ƙaramar wayar SATA mai ɗaukar bayani zuwa babban allo, da mai faɗi da ke kawo wuta, domin faifai mai inci 3,5 yana bukatar bolt 12 da bolt 5. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido: waya guda da ba ta zauna daram ba ta isa ta rikita komi. A canza waya, a canza kafar da aka soka ta. A kuma karanta littafin babban allon, don a wasu alluna sanya faifan M.2 yana rufe wata kafar SATA.

In BIOS ya ga faifai amma Windows bai nuna shi ba, galibi ba ciwo ba ne. Sabon faifai sai an shirya shi a wurin da ake kira Gestion des disques, an raba shi, an ba shi harafi. Wanda ya zarce tera 2 a zaɓa masa tsarin GPT, domin tsohon tsarin MBR iyakarsa ke nan. Haka kuma wanda ya sayi tera 1 ya ga jiga 931 kada ya ce an cuce shi: masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, Windows kuwa da 1024.

Faifai yana riƙe da littafin lafiyar kansa, wanda ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo tana karanta shi kyauta. Layi uku ne abin lura. In lambar layin C7 tana hawa, bayani ne ke lalacewa a hanya, wato waya ko kafa ce abin zargi. In layin 05 ko C5 ya tashi daga sifili a sabon faifai, to fuskar faifan ce ta soma ɓaci. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 a kan faifai fiye da 100.000 ya nuna cewa faifan da aka samu kuskuren farko a fuskarsa ya fi sauran haɗarin mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Faifan da ke ƙas-ƙas yana maimaitawa kuwa, a kashe shi nan take. Umurnin chkdsk yana daidaita tsarin takardu, amma ba ya warkar da ƙarfe, kuma yana wahalar da faifan da ya riga ya raunana.

In SMART ya wanke faifai, saura abu biyu. Na farko ƙwaƙwalwar RAM: in tana da aibi, takan ɓata bayani tun kafin ya isa faifai, kuma gwajin MemTest86 na dare guda yakan tona asirinta. Na biyu wuta. Faifan da ke juyawa sau 7200 a minti ba ya son ƙaramin akwatin wuta mai araha, ba ya son ɗaukewar kuran ana cikin rubutu. A nan ƙasar, inda zafin Afrilu ke zuwa tare da yawan yankewar wuta, ondiler ba kayan ado ba ne.

Wanda ya bi wannan hanya ya tabbata faifan ne, ya ɗauki hoton shafin SMART, ya haɗa da takardar saye, ya mayar tun wa'adin garanti bai ƙare ba. Mai shago yana iya musu da baki, amma da wuya ya yi musu da lamba. Sabon da za a ba shi kuma a gwada shi mako guda kafin a damƙa masa amanar dukiya.