Bayan "Ka Ci?" Akwai Sauran Tambaya

Duk shekara idan damina ta yi nisa, WAEC ta saki sakamako, NECO ta biyo baya, tambaya ɗaya ce ke jiran yaro a bakin ƙofa: "Ka ci?" In ya ce kiredit tara, a yi ta barka. In ya ce Lissafi ya kayar da shi, a ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, a ninke takardar a jefa akwati. Daga gidan da ake guɗa har gidan da aka yi tsit, da wuya ka samu wanda ya zauna ya karanta abin da takardar ke faɗa.

Alhali kuwa tana da bayani. A ma'aunin da aka saba da shi na WAEC, A1 daga maki 75 yake farawa, C6 kuma, wato kiredit na ƙarshe, daga 50 zuwa 54. D7 daga 45 zuwa 49 ne, E8 daga 40 zuwa 44, duk abin da ya gaza 40 kuma F9. To mai D7 a Lissafi da mai F9, a bakinmu duk "sun faɗi", amma ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Na farko maki biyar ko ƙasa da haka suka raba shi da kiredit. 'Yan watanni na zama da tambayoyin shekarun baya, da agogo a gabansa, za su iya fitar da shi a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Na biyu kuwa matsalarsa ta girmi aji uku na babbar sakandare. Sau da yawa tun ƙaramar sakandare jirgi ya bar shi, a wajen rabawa da ɓangarorin lamba. Ka biya masa kuɗin sake jarrabawa ba tare da an koma can an gyara ba, ka sake sayo masa F9 ne da kuɗinka. Takardar sakamako kamar takardar gwajin jini ce: ba wanda ke karɓo ta daga asibiti ya tsaya a "akwai ciwo", sai ya ji wane ciwo ne kafin ya nufi kantin magani.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne, jarrabawar da ta fi amfani wajen gyara ita muka fi rainawa. WAEC da NECO ba sa dawo wa ɗalibi da takardar amsarsa. Harafi da lamba kawai zai gani. Inda zai ga jan biron malami a kan kuskurensa shi ne gwajin aji, da jarrabawar ƙarshen zango, da ta share fage da ake yi kafin babbar. Amma a makarantu da dama malami ya rubuta maki a rajista, takardun kuma a ɗaure su a ajiye a sito har gara ta cinye. Yaro ya san ya samu 38, bai san a ina 62 ɗin suka zube ba. Bai gane darasin ba ne? Lokaci ne ya ƙure masa? Ko Turancin tambayar ne ya shige masa duhu? Wannan na ƙarshen ya fi yawa a wajenmu fiye da yadda muke zato, domin yaro kan iya yi maka bayanin yadda jini ke zagaya jiki da Hausa tsaf, ya kasa gane cewa shi ake tambayarsa a takarda.

WAEC ma tana da rahoton manyan masu duba takardu, darasi bayan darasi, kuma tana sa shi a intanet kyauta. A ciki ake zayyana inda ɗalibai suka yi tuntuɓe: rashin karanta tambaya da kyau, kasa zana jadawali, manta rubuta ma'auni a ƙarshen amsa. Kusan koke ɗaya ake maimaitawa shekara da shekaru. Malamai nawa ne a makarantunmu suka taɓa buɗe shi?

Sai batun abin da yaro zai zama, kuma nan ne iyaye muke da laifi babba. Tun yana goye aka raɗa masa Dokta. JAMB maki 400 ce, kuma a 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba a sakamakon farko da aka fitar. Likitanci kuwa, a Bayero ne ko a Ahmadu Bello, gurabensa kaɗan ne, masu nema kuma tuli. Sai ka ga yaro ya samu 185 bana, baɗi 190, baɗin baɗaɗa 180, da C6 a Kemistiri da Fiziks, amma B2 na nan zaune a Tattalin Arziki da Labarin Ƙasa ba wanda ya kalle su. Sau uku takarda tana faɗin abu ɗaya, gida na cewa a sake gwadawa. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, shekarun yaro kuma ba sa dawowa. Idan 'ya mace ce abin ya fi muni: D7 guda a Turanci ya isa a ce boko bai karɓe ta ba, a fara zancen kayan ɗaki.

Ƙofofi kuma ba ɗaya ba ne. JAMB na ba da damar sauya kwas ko makaranta bayan fitowar sakamako. Akwai makarantun jinya da ungozoma da na kiwon lafiya, ga wanda zuciyarsa ke asibiti. Akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye, haka ma NCE da difiloma in sakamakonsu ya yi kyau. Mai basirar hannu ga NABTEB da kwalejojin fasaha. Kundin JAMB ya jera darussan da kowane kwas ke buƙata, kuma a aji ɗaya na babbar sakandare ya kamata a buɗe shi, lokacin da ake raba yara tsakanin ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci, ba ranar da ake tsaye a shagon rajista mai kwamfuta yana zaɓa wa yaro makoma ba.

Kada a fahimce ni da cewa sakamako wahayi ne. A 2025 ɗin JAMB ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi mutum 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, har shugabanta na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida. A watan Agusta kuma WAEC ta gyara nata: masu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi suka tashi daga kashi 38.32 zuwa 62.96 cikin ɗari. Haka nan yaron da ya shekara biyu babu malamin Fiziks, F9 ɗinsa ta makarantar ce kafin ta zama tasa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da takarda ɗaya. A jera ta da na zangunan baya a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Wadda ba ta da amfani ko kaɗan ita ce wadda aka sayo a cibiyar satar amsa. A1 a Lissafi, 140 a JAMB: uba ya biya kuɗi an rufe masa ido daga sanin ɗansa.

Don haka roƙona biyu ne. Shugabannin makarantu, ku sa malamai su riƙa mayar wa yara takardun amsarsu, a ware darasi guda a bi kurakuran tare. Iyaye kuma, a ciro takardar nan daga akwati a wannan makon, a zauna da yaron da malamin da ya san shi, a bi ta darasi bayan darasi kafin a sake biyan ko sisi na wata rajista.