Kafin ka sayi samo, auna rijiyarka

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin magidanta masu rijiyar burtsatse. Bara samo biyu, wato injinan zuƙo ruwa daga rijiya, suka ƙone a gidana, kuma laifina ne.

Na farko mai ƙarfin doki 2 na saya, ina ganin babba ya fi, alhali rijiyata ba ta tara ruwa da sauri. A watan Afrilu ruwa ya ja baya, injin ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone, domin ruwan da yake zuƙa shi ke sanyaya shi. Na biyu wuta mai rauni ce ta cinye shi.

Shawarata ga magidanci, ka tambayi mai haƙa zurfin rijiyar da yawan ruwan da take bayarwa, ka haɗa da tsayin tankinka, sannan ka zaɓi inji. Ka sa na'urar da ke kashe shi idan tanki ya cika ko wuta ta yi ƙasa. Yau inji mai doki 1 ke cika min tankin lita 2,000, kuma saboda na'urar, ruwan tanki ya daina malala a lungunmu.

Naka,
Mai karatu daga Zariya