A Shimfiɗa wa Samari Tabarma a Majalisar Zango

Ran 9 ga watan Disamba, 2015, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da shawara mai lamba 2250 a kan samari da zaman lafiya. Ƙasar Jodan ce ta kawo maganar, ƙasashe 15 na kwamitin kuwa duk suka yarda, ba wadda ta ja. Wannan shi ne karo na farko da kwamitin ya keɓe shawara guda sukutum don samari, watau masu shekara 18 zuwa 29, maza da mata. Abin da a ke nema shi ne a sa su cikin shawara in ana neman sulhu, a kāre su lokacin yaƙi, a ba su ilmi da sana'a, wanda kuma ya riga ya ɗauki makami a taimake shi ya aje, ya komo cikin jama'a. Kwamitin ya sāke jaddada maganar a 2018 da 2020. Afirka ma ba a bar ta baya ba, don tun a 2006 shugabanninta suka amince da yarjejeniyar samari a Banjul.

To, jama'a, duniya ta yarda yaro yana da bakin magana a sha'anin zaman lafiya. Mu fa, mutanen zango, mun yarda?

Mu faɗa wa juna gaskiya. In an yi rasuwa, samari ke gina kabari. In za a yi Maulidi, su ke kafa rumfa, su ɗauko kujeru. In magudanar ruwa ta toshe da damina, su za a kira. Amma ran da dattawa suka zauna a zauren Sarkin Zango don yanke shawara, sai a ce yara su ba da wuri. Wanda aka hana masa wuri a zaure kuwa, lalle wani zai ba shi a bakin titi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙadangaren nan mun san shi. Shi ne ɗan siyasan da ba ya tunawa da Nima ko Sabon Zango ko Aboabo sai zaɓe ya ƙarato, ya zo da riga mai hotonsa da 'yan kuɗin mai, yana neman ƙarti. Kowa ya ji abin da ya faru ran 31 ga Janairu, 2019, a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Ankara, inda aka yi harbi, mutane suka ji ciwo. Bayan binciken kwamitin Emile Short, a shekarar nan Majalisar Dokokin Gana ta kafa doka mai lamba 999, wadda ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa, ta kuma yanka wa mai laifi ɗaurin shekaru masu yawa. Ranar da aka kama yaro, uwarsa ce za ta yi ta safa da marwa da kwanon abinci zuwa gidan yari. Mai rigar hoto yana gidansa.

Ba kuma baƙon abu mu ke roƙo ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mus'abu ɗan Umairu yana saurayi zuwa Madina kafin Hijira, ya karantar da Ausu da Hazraju, ƙabilu biyu da suka daɗe suna yaƙi da juna. Ya kuma naɗa Usamatu ɗan Zaidu shugaban runduna, alhali cikinta akwai manyan sahabbai. Abin da Kwamitin Sulhu ya gano a 2015 yana cikin littattafan da mu ke karantawa a makarantunmu.

Saboda haka ga shawararmu. Kowane Sarkin Zango da kowane kwamitin masallaci su ba samari kujera biyu, namiji da mace, waɗanda samarin da kansu za su zaɓa. Kuɗin da a kan tara ran Juma'a a keɓe wani abu daga ciki don biyan kuɗin koyon ɗinki, ko gyaran mota, ko aikin lantarki. In kuwa rigima ta taso tsakaninmu da masu gari, a tafi da samari wurin sulhu, su ji da kunnensu, don su ne ke bakin titi in abu ya ɓaci.

Ku kuma samari, tabarma tana da haƙƙi. Wanda ya zo zaure ya zo da ladabi da hujja, ya bar sanda a gida. Ku dubi Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda ya taka har cocin Katolika na Christ the King a Ankara ran Ista ta 2019, yana gab da cika shekara 100, don ƙarfafa zumunci. Da irin wannan hali a ke jin maganar mutum.

Iyayenmu sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.