Finafinan Bayan Yaƙin Ƙare-Dangi da Gargaɗin da Ke Cikinsu

A watan Afrilu na shekarar 2024 kamfanin Amazon ya fito da wani wasan kwaikwayo na talabijin mai suna Fallout, wanda ke ba da labarin mutanen da suka fito daga ramukan ƙarƙashin ƙasa fiye da shekaru 200 bayan an ragargaza Amurka da bam ɗin nukiliya. Miliyoyin mutane sun kalla, sun yi dariya, sun kuma nemi ƙari. Watanni bakwai bayan haka, a Nuwamba 2024, Shugaba Putin na Rasha ya sa hannu a kan sabuwar ƙa'idar da ta faɗaɗa dalilan da za su iya sa ƙasarsa ta yi amfani da waɗannan makamai. Idan mai karatu ya jera abubuwan nan biyu, zai ga ya kamata a sake duba tarihin irin waɗannan finafinai, domin akwai lokacin da suke hana shugabanni barci.

Finafinan da ke magana a kan rayuwa bayan yaƙin nukiliya sun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne masu mai da bala'in filin jarumtaka. A cikin A Boy and His Dog na 1975, wani saurayi da karensa ne ke yawo cikin kufai suna neman abinci. A jerin finafinan Mad Max na George Miller, ɗan ƙasar Ostireliya, musamman na 1981 da na 1985, duniya ta koma hamada, ana kashe juna a kan man fetur da ruwa, amma kullum akwai gwarzo guda mai mota da bindiga wanda ke tsira. Waɗannan su ne masoya silima suka riƙe, suna maimaita kallonsu shekara da shekaru. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, to haka masu waɗannan finafinai suka yi.

Kashi na biyu kuwa ba su yarda da wasa ba. Tun a 1959 Stanley Kramer ya yi On the Beach, inda mutanen birnin Melbon ke zaman jiran gubar da iska za ta kawo musu daga arewacin duniya, gwamnati kuma tana raba ƙwayoyin kashe kai. A 1965 Peter Watkins ya shirya wa BBC The War Game, amma hukumar gidan ta ce ya yi muni ƙwarai, ta hana nuna shi a talabijin. Ya ci kyautar Oscar a 1967, duk da haka sai a 1985 Turawan Ingila suka gan shi a akwatunansu. Shekaru ashirin aka yi ana ɓoye wa jama'a hoton abin da ake tanadi da kuɗin harajinsu.

Shekarar 1983 ita ce ta fi kowace tsanani tun bayan rikicin Kuba na 1962. A ranar 1 ga Satumba sojojin Tarayyar Sobiyet suka harbo jirgin fasinja na Koriya ta Kudu, mutum 269 suka halaka. A ranar 26 ga watan, na'urorin Sobiyet suka nuna cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami, sai da wani hafsa mai suna Stanislav Petrov ya yanke cewa kuskuren na'ura ne. Cikin wannan hali ne gidan talabijin na ABC ya nuna The Day After a ranar 20 ga Nuwamba, mutum wajen miliyan 100 suka kalli yadda aka ƙone birnin Kansas, aka bar mutanen garin Lawrence cikin gawarwaki. Shugaba Reagan ya riga ya kalle shi tun a watan Oktoba, ya kuma rubuta a littafin ajiyarsa cewa ya bar shi cikin baƙin ciki. A Disamba 1987 shi da Gorbachev suka sa hannu a kan yarjejeniyar kawar da makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango. Ba za a ce fim ne ya kawo yarjejeniyar ba, gama akwai matsin tattalin arziki a Masko da zanga-zangar dubban ɗaruruwan mutane a Turai. Sai dai fim ɗin ya shigar da tsoron cikin ɗakin kowane magidanci, shugabanni kuwa sun san masu jefa ƙuri'a sun gani.

Wanda ya fi dacewa ma'aikacin gwamnati da ɗalibi su yi nazari a kansa shi ne Threads, wanda BBC ta nuna a ranar 23 ga Satumba 1984. Barry Hines ya rubuta, Mick Jackson ya shirya, an kuma kafa labarin a birnin Sheffield. Fashewar bam ɗin mintoci kaɗan ta ɗauka a cikin fim ɗin. Sauran duka bayani ne a kan yadda mulki ke warwarewa zare bayan zare. Babban jami'in birni da ma'aikatansa sun shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa da taswirori da jerin rumbunan abinci, gini ya rufta a kansu, suna ta ba da umarni ta rediyo alhali babu mai zartarwa, har suka mutu a can. Asibiti ya rasa wuta da ruwa da magani. Kuɗi ya zama takardar banza, abinci ya zama ladan aiki. Bayan shekaru 13 jama'ar ƙasar sun ragu zuwa adadin zamanin da ake noma da hannu, yaran da aka haifa ba su iya haɗa jimla cikakkiya ba saboda babu makaranta. Babu gwarzo a cikinsa ko ɗaya. Haka ma Rashawa suka yi nasu a 1986, wanda Konstantin Lopushansky ya shirya, labarin wani tsohon masani da ke rubuta wa ɗansa wasiƙu daga ƙarƙashin wani gidan tarihi.

Abin da Threads ya dogara a kai shi ne binciken da Carl Sagan da abokan aikinsa huɗu suka buga a Disamba 1983, inda suka nuna cewa hayaƙin biranen da suka ƙone zai hau sama ya tare hasken rana, sanyi ya sauko, amfanin gona ya mutu. An yi ta gardama a kan wannan lissafi, amma binciken da ya biyo baya bai rushe tushensa ba. A 2022 masana daga Jami'ar Rutgers suka ƙiyasta cewa cikakken yaƙi tsakanin Amurka da Rasha zai iya kashe fiye da mutum biliyan 5 ta hanyar yunwa, kuma ko yaƙin Indiya da Pakistan kaɗai zai iya cin rayukan wajen biliyan 2. Yawancin waɗannan mutane ba za su taɓa ganin walƙiyar bam ba. Damina ce za ta ƙi zuwa, jiragen hatsi kuma su daina tasowa.

A nan ne maganar ta shafe mu. Ƙasashen da noman gero da dawarsu ya rataya a kan ruwan watanni huɗu, waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984, ba su bukatar mai yi musu bayanin abin da rashin damina biyu a jere ke haifarwa. Mun kuma ga yadda farashin alkama da takin zamani ya tashi a 2022 saboda yaƙin Yukren, alhali ba a harba nukiliya ko ɗaya ba. Shugabanninmu na farko sun fahimci haka. Lokacin da Faransa ta fara gwajin bam ɗinta a Reggane cikin hamadar Aljeriya a ranar 13 ga Fabrairu 1960, ta kuma maimaita, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko a Janairu 1961. A 1996 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Pelindaba wadda ta haramta waɗannan makamai a nahiyar, ta fara aiki a 2009.

To, ina aka kwana? Gaskiya ne makaman sun ragu, daga kimanin 70,000 a 1986 zuwa kimanin 12,000 a 2024. Amma katangun da aka gina domin tsare su suna faɗuwa. Yarjejeniyar 1987 ta mutu a Agusta 2019. Rasha ta dakatar da aiki da yarjejeniyar New START a Fabrairu 2023, wadda daman wa'adin da aka ƙara mata bai wuce Fabrairu 2026 ba. Ƙasashe tara ne ke riƙe da makaman, Sin kuma tana ƙara nata. A Janairu 2025 masanan da ke kula da agogon nan mai auna kusancin duniya da halaka suka matsar da shi zuwa daƙiƙa 89 kafin sha biyun dare.

Haɗarin finafinan jarumtaka shi ne suna koya wa matasa cewa bayan yaƙin akwai rayuwa ga mai ƙarfi da dabara. Shugaban da ya gaskata cewa za a iya cin nasara a irin wannan yaƙi, kuma jama'arsa suka taso da wannan tunani, ya fi saurin miƙa hannu ga maɓalli. Finafinan Watkins da Hines sun nuna cewa abin da ke riƙe da ran mutum shi ne rumbun hatsi, da famfon ruwa, da malamin asibiti, da akawun da ke rubuta rabon abinci, kuma duk waɗannan a rana ɗaya za su tsaya.

Saboda haka yana da kyau sassan koyar da tarihi da kimiyyar siyasa na jami'o'inmu su riƙa nuna wa ɗalibai Threads da The War Game, a tattauna a kansu kamar yadda ake tattauna littafi. Ma'aikatan da ke kula da rumbunan ajiyar hatsi da hukumomin agajin gaggawa su ma za su sami abin lura a ciki. Wakilanmu a Majalisar Ɗinkin Duniya kuma kada su gaji da maganar kwance ɗamara, ko da manyan ƙasashe sun toshe kunnuwa, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.