*MAJINA A BAYAN GIDA: KA DAKATA DA WANKIN CIKI*



Da yawanmu da zarar mun ga majina a bayan gida sai mu ce dattin ciki ne, a kawo sanamaki a wanke. Ni dai ban yarda da wannan gaggawar ba.

Ɗan uwa, majinar nan Allah ne Ya shafe bangon hanjinka da ita. A babban hanji hawa biyu ce: ta waje ƙwayoyin bakteriya suna zaune a cikinta, ta ciki kuwa mai kauri ce, ita ke hana su taɓa naman hanjin. Ɗan kaɗan da ke fita tare da bahaya ba ciwo ba ne.

Akwai cutar kumburin hanji da likitoci ke kira Ulcerative Colitis, da 'yar uwarta Crohn. A ta farkon, wannan shafen yakan yi siriri, bakteriya su isa bango, garkuwar jiki ta far musu, faɗan ya ƙi ƙarewa. Sai hanji ya yi gyambo, ya riƙa zubar da majina da jini, wani lokaci har da mugunya. To ka ga mai irin wannan hanjin in ya sha sanamaki, gyambo ya fama. Sanamaki magani ne, malaman ɗibbun Nabawi sun ambace shi, amma na mai taurin bahaya ne, ba na mai gudawa da jini ba. Haka ibuprofen da diclofenac da ake sha kamar gyaɗa, suna iya tayar da ciwon.

Kar kuma ka yanke wa kanka hukunci. A wajenmu atini ya fi yawa, kuma shi ma majina da jini yake kawowa. Gwajin bahaya ne matakin farko. Amma in abin ya ɗauki makonni yana tafiya yana dawowa, kana rama, jininka na raguwa, ko bahaya na tashinka cikin dare, daina ce masa basir. Je ka asibiti a duba hanjin da na'ura.

Mai lafiya kuwa ya riƙe wake, gero, zogale da miyar kuɓewa. An gani a gwajin ɓeraye cewa in bakteriyar hanji suka rasa irin wannan abinci mai dusa-dusa, majinar suke komawa ci. Wanda ciwonsa ya tashi ya tambayi likitansa tukuna, don a lokacin ganye da wake kan ƙara masa murɗa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.